Hannun Pak Harjono

"Malama, me ya sa hannun Bu Sum yake warin busasshen kifi duk ranar Talata?"

Gendis ce ta yi wannan tambaya, da muryarta da ba ta san a rage ba, a bakin ƙofar makaranta, bakwai saura kwata na safe. Malamai shida suna jere, iyaye sun kai ashirin a kan babura. Bu Sum kuwa, shugabar makarantar, taku biyu ne tsakaninta da yarinyar, kuma hannun da ake magana a kansa yana miƙe, yara na bin layi suna kama shi hannu bibbiyu suna ɗora shi a goshi, kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi wa babba.

Anjani aka tambaya. Satinta biyu ke nan da fara koyarwar gwaji a wannan makaranta ta yara masu buƙata ta musamman, bayan shekara huɗu a jami'a, kuma duk littattafan da ta haddace babu wanda ya yi babi a kan kifi. Ta sunkuya ta ce wa yarinyar su wuce aji. Gendis ta ce wannan ba amsa ba ce. Bu Sum ce ta fitar da kowa kunya. Ta ce ranar Talata mai kifi yake zuwa unguwarsu, mijinta kuma ba ya cin shinkafa gaya. Iyaye suka yi irin dariyar nan da ake yi baki a rufe. Daga ranar dai Bu Sum ta mayar da suyar kifinta Lahadi, ba ta kuma taɓa cewa don me ba.

Shekarar Gendis takwas. Ba ta kallon mutum cikin ido, amma hancinta ba ya barin komai ya wuce. Ta san malamin da ya sha taba a bayan masallaci, ta san wadda ta canza sabulu. Abin da ta fi ƙi a duniya shi ne a riƙe mata hannu, balle a ce ta kai hannun wani kusa da fuskarta. Sai dai yaron da ya wuce babba bai yi wannan gaisuwa ba, ba shi ake zagi ba, uwarsa ake zagi. Don haka kowace safiya mahaifiyarta takan kama tsintsiyar hannunta ta tura cikin hannun malami, ta danna mata kai, har sau shida, sannan ta hau babur ta tafi shagon ɗinkinta hankali kwance, ta yi tarbiyya. Ita kuma Gendis ta wuce aji ta shige ƙarƙashin tebur, ba za ta fito ba sai an kaɗa ƙararrawar tashi. A fayil ɗinta malamai uku sun rubuta abu ɗaya: ba ta son karatu.

Anjani mace ce mai ƙaramin littafi a aljihu. Tun da ta haifi 'yarta Laras ta koyi rubuta komai, lokacin nono, lokacin kuka, abin da aka ci kafin kukan, don ta gano yaro ba ya ihu a banza, babba ne ba ya lura. Bayan wata guda ta duba littafin ta ga kwana huɗu kacal Gendis ta zauna a kan kujera, kuma duk huɗun an yi ruwa da safe. Ta daɗe tana tunanin ko ruwan sama yarinyar take so. Tana cikin shanya a bayan gida abin ya faɗo mata: ranar ruwa ba a yin layin gaisuwa, kowa da gudu yake shiga.

Ta sa mijinta Bowo, wanda gyaran babur ne sana'arsa amma yake ganin kansa mai zane, ya zana mata kati: yarinya ta ɗora hannun dama a ƙirji, ta ɗan sunkuyar da kai. Hannun ya fito da yatsu huɗu. Bowo ya ce babban yatsan yana ta baya ne, wanda ya san zane zai gane. Gendis ta ƙura wa katin ido ta ce wannan yarinyar ta yi hatsari, amma ta yarda ta yi abin da take yi.

Shawo kan uwar ya fi wuya. Sai da Anjani ta je shagon ɗinkin sau biyu, ta sha shayi mai sukari kamar zuma, ta buɗe mata littafin ta nuna kwanakin ruwa. Matar ta yi hawaye kaɗan, ta goge da ƙyallen da take ɗinki, ta ce to, amma ban da gaban surukarta. Malamai ma suka yarda, tunda a cikin gida ne. Ranar farko da aka gwada, Anjani ta durƙusa daidai tsayin yarinyar ta ce mata, "Muddin ina wurin, babu wanda zai kama hannunki." Gendis ta ce a rubuta. Aka rubuta a bayan katin.

Cikin wata uku Gendis ta bar ƙarƙashin tebur. Ashe ta daɗe da iya haɗa baƙaƙe, daga ƙasan teburin take kallon allo. Ta fara karanta duk abin da ke manne a bango da ƙarfi, har da takardar da ke ɗauke da sunayen malaman da suka makara.

Saura abu ɗaya ya rage wa Anjani ta zama malama: ranar da malamin jami'a zai zo ya zauna a ajinta ya ba ta maki. Saba'in ake nema. Haihuwar Laras ta riga ta cinye mata shekara guda, sa'o'inta duk sun kama aiki. Bu Sum kuma ta faɗa mata a asirce cewa wata malama za ta yi ritaya a watan Yuli, gurbin nata ne in ta kawo takardar shaida. In ta faɗi, sai baɗi, gurbin kuwa ba zai jira ba.

Da sunan wanda zai zo ya fito, Bu Sum ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Pak Harjono ne. (A nan Pak ake ce wa babban namiji don girmamawa, babbar mace kuma Bu.)

Anjani ta san shi. Shi ya koyar da su a shekarar farko, dattijo mai rigar batik, yadin nan mai zanen rini, da ba ta taɓa yamutsewa ba, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma a sikeli. Abu ɗaya ya dasa musu a kai har suna mafarkinsa: ka ba da umarni sau ɗaya, ka nuna kati, ka yi shiru, ka ƙirga goma a zuciyarka, kada ka maimaita, kada ka kama hannun yaro ka yi masa. Anjani har a gida take aiki da wannan. Idan ta ce wa Bowo ya fitar da shara, sai ta tsaya ta zuba masa ido. Yawanci a bakwai yake tashi.

Bu Sum ta shimfiɗa fom ɗin maki a tebur ta ɗora yatsa a layi na bakwai: ɗalibai suna gaida manya bisa al'ada. Ta ce Pak Harjono ba ya shiga aji sai ya tsaya a ƙofa kowane yaro ya kama hannunsa, daga nan yake yanke hukunci a kan malami, sauran kallon cika ƙa'ida ne. Ta ce an taɓa yin wata ɗaliba da yaron ajinta ya miƙa masa hannun hagu, yanzu haka katin waya take sayarwa a bakin tasha. Anjani ta tambayi sunanta. Bu Sum ta ce sunan ba shi ne abin dubawa ba.

Shawara biyu ta kawo. Ta farko, ranar Gendis ta tashi da ɗan zazzaɓi, uwarta za ta fahimta. Ta biyu, a lallaɓa ta ta yi sau ɗaya tak, daƙiƙa uku, in ya so ta shiga ƙarƙashin tebur, a ja zanen teburin ya sauko. Anjani ta ce za ta yi tunani, wanda duk wanda ya tashi a garin nan ya san a'a ke nan. Sai ta tambaya, a ladabce, ko ba za a kira shi a waya a yi masa bayani ba kawai.

Bu Sum ta cire tabarau ta dube ta.

"Ke 'yar nan, mutum mai digiri uku, sa'an babanki, ki buga masa waya ki gaya masa abin da zai yi da hannunsa?"

Anjani ta sunkuyar da kai, don ita ma da ta ji maganar a bakin wani sai ta ji nauyinta.

Daga nan aka koma dabara. Anjani ta samu Gendis lokacin tara, kunya na cinta, ta tambaye ta ko akwai hannun da za ta iya jurewa na ɗan lokaci, don wani baƙo zai zo. Gendis ta yi tunani sosai ta ce idan hannun ba ya warin komai za ta gwada, amma ba ta taɓa haɗuwa da irinsa ba. Ta kuma tunatar da ita abin da ke rubuce a bayan kati. Anjani ta ce yana nan, gwaji ne kawai, in ba ta so shi ke nan.

Aikin ya zama ɗaya: a sa Pak Harjono ya wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ba tare da an ce masa ya wanke hannu ba. Bu Sum ce ta samo hanya, kuma ta yi alfahari da ita. Za a tarbe shi da wajik, alewar shinkafar nan mai danƙo da ake dafawa da sukarin kwakwa, wadda in ta kama yatsa sai ruwa. Dole ya nemi famfo. A famfon kuma sabulun yana jira.

Ranar Lahadi da yamma aka yi gwaji a gidan Anjani. Bowo ya sa rigar bikinsu ya zama Pak Harjono. Ya zauna ya harɗe, aka ba shi wajik ya ƙi, aka sake ba shi ya ƙi, a na uku ya ɗauka, yadda baƙon kirki yake yi. Daga nan ya manta da wasan. Ya ci biyar, Laras ta ci ɗaya ta shafa ɗaya a gashinta. Da Anjani ta tambaye shi ko bai ji yana son wanke hannu ba, ya ce ai ya lashe. Ta ce Pak Harjono ba ya lasar yatsa. Bowo ya ce kowa yana lasar yatsa in ba a kallonsa. Duk da haka ta rubuta a littafinta cewa danƙon ya isa.

Ranar ta zo da ruwa tun asuba. Anjani ta ji daɗi da farko, har ta tuna Pak Harjono a ƙofar aji yake tsayawa, ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya ceton kowa. Ta ajiye Laras wurin kakarta, ta isa makaranta ta jera kujeru takwas, ta duba sabulun sau uku.

Ya iso tara saura, a kan babur, cikin rigar leda. Kafin ya ƙaraso baranda warinsa ya riga shi. Man zafi ne, ba kaɗan ba. Yana cire hular kwano ya ba da haƙurin makara, ya ce sanyi ne ya shige shi tun shekaranjiya, da safen nan ma sai da matarsa ta kankare masa baya da kwandala, yadda ake yi wa mai mura a nan, ta mulke shi da mai har wuya. Ta saman kwalar rigarsa ana hango jajayen layukan. Bu Sum ta yi masa sannu da murya mai taushi, ta waiwayo ta yi wa Anjani wani kallo mai cewa a kwantar da hankali, wajik yana nan.

Aka zaunar da shi a ofis, aka kawo shayi, aka buɗe tire. Anjani ta leƙa ciki. Matar da ke dafa wa makaranta abinci, da ta ji babban baƙo ne daga jami'a, ta ga bai kamata mutum irin wannan ya ɓata hannunsa ba. Ta zauna tun jiya ta naɗe kowane yanka a ganyen ayaba, ta soke da tsinke, tsaf, har da ɗan kunne na riƙewa. Pak Harjono ya ƙi sau biyu, ya ɗauka a na uku, ya ci uku ta cikin ganyen. Ya yaba, ya ce rabon da ya ga an yi wa baƙo irin wannan kulawa har ya manta. Yatsunsa ko ɗigo.

Bu Sum ba ta karaya ba. A hanyar aji ta tsaya a gaban famfon ta ce iyayen yara ne suka haɗu suka gina shi bara, ko Pak zai so ya gani. Ya duba shi sama da ƙasa, ya ce aiki ya yi kyau. Ta ce ruwan ma daɗin taɓawa gare shi. Ta ce sabulun sabo ne, ba a taɓa amfani da shi ba, da ma ana so babban mutum ya fara sa masa albarka. Ya murɗa famfon da yatsa biyu, ya ja baya, ya ce ruwan da sanyi, shi kuwa matarsa ta hana shi taɓa ruwan sanyi sai jibi. Tunanin sanyin kaɗai ya sa shi tari. Ya zaro ƙaramar kwalba daga aljihu, ya tsiyaya man a tafinsa, ya murza hannu biyu sosai, har tsakanin yatsu.

Haka ya tsaya a ƙofar aji ya miƙa hannun dama, yana sheƙi.

Yara takwas ne a layi. Bakwai suka wuce lafiya, idanunsu na ɗan kawo ruwa saboda yajin man. Nuning, wadda duk duniya ba abin da take so kamar gaisuwa, ta kama hannun ta ɗora a goshi, ta zagaya ta sake shiga layi ta ƙara, sai a na uku aka janye ta. Pak Harjono yana murmushi, ya ce yaran nan an yi musu tarbiyya.

Gendis ce ta ƙarshe. Ta tsaya taku uku daga gare shi, hancinta ya buɗe ya rufe. Ta ɗora hannun dama a ƙirji, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Barka da safiya, Pak." Ba ta taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba.

Hannun bai sauka ba. Ya ɗan kaɗa shi ma, ya ce, "Zo mana, 'yata, kada ki ji kunya." Ya matso taku ɗaya.

Daga bayansa Bu Sum tana ta aiki da gira da haɓa: tura ta, daƙiƙa uku ne. Anjani ta tuna saba'in, ta tuna Yuli, ta tuna mai katin waya da ba ta da suna. Sai idonta ya sauka a kan gwiwar Gendis. Ta fara lanƙwashewa, yadda take yi in za ta nufi ƙarƙashin tebur, kuma yarinyar ba baƙon take kallo ba, aljihun Anjani take kallo, inda katin yake da rubutunsa a baya.

Anjani ta buɗe baki don ta ce masa ya sauke hannunsa, maganar ta ƙi fitowa. Uwar da ta rene ta ba ta bar mata hanyar da irin wannan magana za ta bi ba. Hannunta ne ya yi abin da ya saba yi sau ashirin a rana. Ya shiga aljihu, ya zaro katin, ya ɗaga shi daidai idon Pak Harjono. Bakinta kuma ya faɗi abin da yake faɗa wa kowane sabon yaro, da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa:

"Ga yadda ake gaida Gendis."

Ta yi shiru ta fara ƙirga.

A ɗaya da biyu ba ta ma gane abin da ta aikata ba. A uku ta gane, amma ƙa'ida ta ce kada a sauke kati. A huɗu ya dubi katin, ya dube ta. A biyar ta fara tunanin wace tasha ce ta fi ciniki. A shida Bu Sum ta ja numfashi za ta ba da haƙuri, Anjani ta ɗaga mata ɗaya tafin ba tare da ta waiwaya ba, kamar yadda take tsayar da Nuning in za ta ba wani amsa. Wannan ne abin da daga baya ta kasa yarda ita ta yi. Bakwai, lokacin da Bowo yake tashi, ta wuce ba abin da ya motsa sai ruwan da ke zuba daga indararo. A takwas hannun ya fara sauka. A tara Pak Harjono ya ɗora shi a ƙirjinsa, a kan rigar batik, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya ce, "Barka da safiya, Gendis."

Gwiwar ta miƙe.

A satin nan Nuning ce mai raba taurari, kuma ba ta wasa da aikinta. Ta ɓallo tauraro mai ruwan zinariya daga takarda, ta yi ɗage, ta manna masa a aljihun riga, ta ce ya yi ƙoƙari. Sauran suka yi masa tafin ajin, da yatsa biyu a tafin hannu, don Gendis ba ta son ƙara.

Gendis ta je ta zauna a kujerarta. Daga can ta tambaye shi ko shi ma kankare shi aka yi, don haka kakarta take wari. Ya ce e. Ta ce to ya zauna kusa da taga. Ya dubi tagar, a buɗe, iskar ruwa na shigowa. Ya dubi Anjani, wadda har yanzu katin ke hannunta. Ya ɗauki kujera ya je ya zauna a wurin, ya ja kwalar rigarsa sama.

Darasin kansa ba abin a ba da labari ba ne. Anjani ta manta waƙar buɗewa ɗungurungum. Kwandon maƙalan shanya da za a ware launi-launi ya suɓuce mata, yara suka bi su ƙarƙashin kujeru, har Gendis ta shiga ƙarƙashin tebur, sai ga ta ta fito da ja guda biyu ta koma mazauninta. Pak Harjono yana rubutu yana atishawa, fuskarsa ba ta ce komai ba.

A ofis Bu Sum ta fara tun kafin ya zauna. Ta ɗora laifin a kan ƙuruciya, da ruwan sama, da rainon ƙaramar yarinya da ke hana uwa hutu. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce shekararsa ashirin da shida yana zagaya makarantu, ba a taɓa ɗaga masa kati ba. Ya juyo ga Anjani.

"Nawa kika ƙirga?"

"Tara, Pak."

"Da kin kai goma ban yi ba fa?"

"Sai in sake daga farko, Pak, in ƙara ɗan taimako."

"Wa ya ce?"

"Kai, Pak. Shekarar farko, ranar Laraba."

Ya yi tari mai tsawo, wanda ba duka na sanyi ba ne. Ya jawo fom ɗin ya yi ta rubutu, Anjani na kallon ganyayen ayaba uku da ke kan tire. Ya juyo mata da takardar. Saba'in da uku.

Ya yi mata bayani dalla-dalla, don kada ta ɗauka kyauta ce. Ya cire na waƙa. Ya cire na kwando. Ya cire uku cur a kayan koyarwa, don ya samu daƙiƙa tara yana kallon katin nan kuma yatsu huɗu ya gani. Malamin da zai nuna wa yara hannu, ya nuna musu cikakke. A layi na bakwai ya ba ta duka, ya rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe: ɗalibai sun gaida babba, babba ya amsa a makare.

Bu Sum ta naɗe masa sauran wajik ɗin ya kai wa matarsa. Suka raka shi har babur, tauraron yana nan a aljihunsa yana ƙyalli. Bu Sum ta gani, Anjani ta gani, mai gadi ya gani. Babu wanda ya ga ya dace ya gaya wa mutum mai digiri uku abin da ke manne a rigarsa. An ce da shi ya shiga taron malamai da azahar.

Bowo ya ji haushin maki ukun nan fiye da kowa. Ya ce mutumin bai san zane ba, amma ya zauna ranar Asabar ya sake wani katin, ya ƙirga yatsun da baki har sau biyu. Gendis ta ƙi shi. Ta ce ta saba da mai hatsarin, kuma sabon babu rubutu a bayansa. Tsohon ne a aljihun Anjani har yau, ta sa an rufe shi da leda. A watan Yuli ta karɓi ajin.

Kai kuma mai karatu, in hanya ta kawo ka ƙofar makarantar nan, ko wata irinta, ka miƙa hannu yaro ya tsaya daga nesa ya dafa ƙirji, to ya gaishe ka, ka amsa. Kada ka matsa, kada ka ce kunya ce, kada ka kama hannunsa don a ga ka iya da yara. Kai minti ɗaya za ka yi ka wuce, shi yini zai yi a ƙarƙashin tebur. In ka ƙi ji, akwai malama a ƙofar da kati a aljihu, ba ta duba shekaru ko digiri, kuma mu iyayen da ke kan babura yanzu da ƙarfi muke taya ta ƙirgawa.